Gara Mai Zarto

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da aikin asibiti. Tun da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ɗora mu a kan ba a gaisuwa sai an faɗi abin da ake karantawa, to ni dai takardun cikin kwalayen maganin Inna nake karantawa. Na ƙware, har na san wanda ke sa jiri da wanda ke hana barci. Matan gidan hayar da ke gefenmu kuwa sun kafa ƙungiyar karatu a waya. Labarin wani attajiri suke bi, wanda ya faɗa son mai yi masa shara. Wata guda ke nan, har yau bai gama fitowa daga mota ba, su kuma suna ta ƙona girki a kansa. Sun ce in shiga, na ce Allah ya ba da haƙuri.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Inna. Idon ya tafi gaba ɗaya yanzu, ko hasken taga ba ta gani. Tana wuni a kujerar Baba, ba ta son rediyo, ba ta son hirar baƙi, magana ɗaya ce a bakinta: "Auta, ɗauko min koren." Kin san wanda take nufi, littafin nan da Baba ya tsinto a maɗaba'ar da yake aiki, ba bango ba suna, ya yanki koren zanenta ya ɗinke shi da kansa. So take ta riƙe shi a cinya a karanta mata kamar yadda yake karanta mana. Rannan har abinci ta ture saboda na ce sai gobe.

Na buɗe ɗakin Baba don in ɗauko, na tarar da kantar littattafan wayam. Babu ko littafi ɗaya, sai shatinsu a jikin katako. Tun rasuwa ba wanda ya karɓi makullin ɗakin in ba Yaya Kafinta ba, lokacin da ya ce zai gyara silin. Silin dai yana nan yana yoyo. Na kira shi har na gaji, ba ya ɗauka, amma kullum yana sa hotonsa a waya, ya tsaya gaban littattafai ya dafe haɓa. Ke yake jin tsoro, don Allah ki taɓa shi.

Inna tana gaishe ki. Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumussalam. Saƙonki ya iso ta hannun direban motarmu, na kuma gode da ɗawainiyar da kike yi da Inna. Allah ya saka miki. Ni a halin yanzu littafin ƙa'idojin ba da magani nake bita, saboda jarrabawar ƙarin girma. Ba daɗi gare shi ba, amma karatu ne.

Ki rage zafi, kada ki yanke wa yayanki hukunci kafin ki ji ta bakinsa. Wataƙila ya kwashe su ne saboda yoyon. Na rubuta masa, zan haɗo miki da amsarsa.

Kin tayar min da tsohon abu. Ina tuna masuncin nan da ruwa ya tsinke igiyar kwalekwalensa ya tafi da shi, agwagwarsa tana ciki, shi kuma ya bi gaɓar kogi a ƙafa, gari bayan gari, yana tambaya. Ina tuna yadda Baba yake matse hanci in zai yi kukan agwagwa, Inna tana tsintar shinkafa a gefe tana cewa ya girma da wannan, alhali ita ta fi kowa dariya. Ki ce mata littafin yana hanya.

Ki kula da maganin safe, kada ta sha shi da yunwa. Wassalam.

Yayarki

*

Zuwa ga babbar Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan alheri ga iyali baki ɗaya. Kin tambaye ni abin da nake karantawa. Yaya, ni yanzu kasuwa nake karantawa, kuma ita ce littafin da ba ya ƙarewa.

Da farko ina roƙon ku daina kirana kafinta. Na wuce nan, mai tsara ofisoshi ne ni. Manyan mutane yanzu ba sa son a gan su a hoto da bango tsirara a bayansu, littattafai suke so, tsofaffi masu kwarjini, kuma ni nake samar musu. Littattafan Baba suna ɗaki ƙura tana ci, ruwa yana ɗiga, ba mai leƙa su. Ke kina nesa, Auta kuma ba ta da lokaci. Sai na ga gara in kai su inda za a daraja su. Yanzu haka suna ofishin wani babban dillalin filaye, a bene, cikin sanyin na'ura, da fitila a kansu. Da Baba zai ga wurin da ya yi alfahari.

Batun koren kuwa, a bar min, zan san yadda za a yi. Auta ta cika ɗaga murya, shi ya sa ba na ɗaukar wayarta.

A gaida maigida. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Mai Tsara Ofisoshi

*

Yaya,

Sallama, da fatan kuna lafiya. Ba abin da nake karantawa. Ko takardar magani ba na son kallo yanzu.

Na karanta amsar ɗan'uwanki, na bar Inna da maƙwabciya, na nemi ofishin dillalin har na samu. Na ce wa sakatariyarsa fili nake nema, ta shigar da ni. Yaya, bango guda ne, daga ƙasa har sama, kuma na gane su tun daga bakin ƙofa. Ga babban ƙamus ɗin da muke takawa mu ɗauko sukari, ga jajayen nan masu ruwan zinariya, ga koren can a layi na uku, zanen Inna da ɗinkin Baba. Hawaye ya zo min. Dillalin yana ta waya, sai na miƙa hannu in zaro shi.

Bai zaru ba. Na ƙara ja, sai layin gaba ɗaya ya motsa ya biyo hannuna kamar murfin akwati. Babu littattafai a wurin, Yaya. Gadon bayansu ne kawai, an yanke da zarto, kaurin yatsa biyu, an manna da gam a jikin falanki. Bayan falankin kuma wayoyin lantarki ne da kwalaben lemo. Dillalin ya sauke waya yana dariya, wai ai wannan ita ce basirar yaron, kanta ba ta cin wuri, kuma ba mai aron littafi ya ƙi dawowa da shi. Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin ko da guda ɗaya. Ya ce, "Hajiya, wa ke da lokaci?" Ya ƙara da cewa duk wanda ya shigo sai ya ce ashe shi ma'abocin karatu ne.

Na ciro makullin gida na sa a ƙarƙashin koren na ɓamɓare shi. Sakatariya tana ihu, na ce ta kira wanda za ta kira, zanen uwata ne.

Daga nan shagon ɗan'uwanki na wuce. Na same shi da tarin littattafan wasu bayin Allah, yana auna su da tef kamar yadi, yana ware su launi-launi. Na ce ina cikin littafin? Ya sosa ƙeya ya ce takardun ba sa zama, masu yin kiret ɗin ƙwai ne ke kwashewa su jiƙa su dama. Tun bara. Ko kunya bai ji ba, har da ba ni shawara: wai in kawo bayan ya manna shi a jikin wani littafin mai kauri ɗaya, tun da Inna ba gani take ba. Littafin koyon tuƙi ya miƙo min. Ban san lokacin da na tofar da yawu a ƙofar shagonsa ba, ni da ban taɓa yi wa na gaba da ni haka ba.

Yau da safe mai shago ya miƙo min ƙwai a kiret, na ce ya zuba min a leda.

Kin ce in rage zafi. To ga shi na ji ta bakinsa. Inna tana ta tambaya ko littafin ya iso, me zan ce mata?

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Na ajiye littafin jarrabawa, na kasa. Na karanta wasiƙarki a ɗakin hutun ma'aikata, sai da na fita na wanke fuska. Kin yi gaskiya, ni na yi kuskuren kyautata zato.

Na zaga duk masu sayar da littattafai na nan ko zan dace da wani kwafin. Amma me zan ce musu? Ba mu san sunansa ba, ba mu san wanda ya rubuta ba, shafin farko ya ɓace tun kafin a haife mu. Na ce labarin masunci da agwagwa, wani ya miƙo min littafin kiwon kaji, wani kuma ya ce yanzu ba abin da ke tafiya sai sirrin yin arziki da tambayoyin jarrabawa.

Na zauna in rubuta labarin daga kaina, sai na tarar da rabi kawai nake da shi. Na kai inda masuncin ya isa garin masu gini da laka, daga nan duhu. Kullum a nan barci yake ɗauke ni. Ke kuma kina goye lokacin. Abin da zan faɗa zai ɓata miki rai, amma ki daure: mutum ɗaya ne a cikinmu ya haddace shi, kuma shi ne wanda ya yanka shi. Shi yake zama a cinyar Baba, yana bin layi da yatsa, in Baba ya tsallake kalma ya gyara masa. Na kira shi na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa mutum ba. Zai zo.

Ku ce wa Inna gara ce ta ci littafin, bayan kawai ta bari. Jininta ba zai ɗauki gaskiyar ba.

Allah ya ba ki haƙuri. Wassalam.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Ya zo, da rana tsaka, yana ƙamshin turare da gam. Ban amsa gaisuwarsa ba, na nuna masa tabarma.

Na durƙusa na ce, "Inna, gara ta shiga ɗakin Baba, ta cinye koren, ga abin da ya saura." Na sa mata a hannu. Ta shafa zanen, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta kai hanci. Ta ce, "Shi ne." Sannan ta ɗora a cinya ta rufe da tafin hannu biyu.

Ɗan'uwanki ya fara karanto labarin da ka. Yaya, na so ya yi tuntuɓe, na so ya manta, in samu abin ƙara tsanarsa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya wuce garin masu gini da laka, ya wuce inda masuncin ya sayar da hularsa, har matse hancin Baba ya yi, Inna ta yi dariyar da rabona da ji tun kafin rasuwa. Ashe ƙarshen, wanda barci ya hana ki ji, masuncin ya tarar da kwalekwalen a bakin teku ya ruɓe, agwagwar kuma ta ƙyanƙyashe a ciki, sai ya tuɓe rigarsa ya kwaso 'ya'yan ya juyo gida. Ina zaune ina kuka, ina jin haushin kaina da nake kuka da muryarsa. Duk wannan yana cikin kansa ranar da ya ɗora littafin a kan teburi ya ja zarto. Da jahili ne ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da ya gama ya washe baki yana kallona, wai ya biya. Inna kuwa babban yatsanta yana ta kai da komo a gefen da aka yanke. Can ta ce, "Auta, na zauna da gara a gidaje da yawa. Ban taɓa jin wadda take ci a miƙe haka ba."

Ta juya fuska daidai inda yake zaune, kamar tana ganinsa, ta ce, "Kafinta, me kake karantawa yanzu?"

Bai ce kasuwa ba. Ta jira shi, ta daɗe tana jira, sannan ta ce in kai ta ɗaki ta gaji. Da ya matso zai kama ta, ta janye hannunta.

Ta ci abinci, jininta lafiya, na auna. Bayan littafin yana ƙarƙashin matashinta. Ya dawo washegari, ta amsa sallamarsa, ta tambaye shi iyali, amma da ya ce ko ya sake karanta mata sai ta ce a'a, ta ji.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumussalam. Na nemi hutu, ina tafe ƙarshen mako. Ki ce masa ya zo da biro da takarda masu yawa, zai zauna ya rubuta shi tun daga igiyar da ta tsinke, ni zan tsaya a kansa. Ki nemo allurar Baba da zare mai ƙarfi. In Inna ta yarda ta ba mu bayan, mu ɗinka. In ta hana, kada ki roƙe ta.

Ba ni da abin da nake karantawa sai wasiƙarki. Ki gaishe min da Inna.

Yayarki