Lanƙwasar da Usman ya goge

Daren Talata, Damazin

Kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, amma haushi ya hana ni barci.

Tun damina nake gyaran aibi guda a taskar harshen kwamfutar da muke rubuta manhaja da shi. In ka ba kompaila, wato mai fassara wa kwamfuta umarninmu, rubutun Hausa, sai ta cinye lanƙwasar ƙ, ta mayar da ita k. Da wannan manhajar nake tura wa manoman Rusairis saƙon ruwa. Na hau rufin ɗaki neman shabaka, wato intanet, har na tura gyaran, masu kula da harshen suka ce sai wani Bahaushe ya tabbatar.

Sai na kai musu Usman, ɗan kawuna, saboda ya yi jami'a a Hartum. Yau ya rubuta musu cewa lanƙwasar ado ce kawai, ba ta canza ma'ana. Nan take suka rufe maganar.

Na same shi gun mai shayi. Ko tashi bai yi ba. Wai, "Halas, ya isa haka ya Yaya, wa ke karanta Hausa yanzu? Ka koma Larabci ka huta."

Yaron da ko gaida kakarmu bai iya ba sai ya haɗa da Larabci, shi ne alƙalin harshenmu!

Gobe zan sake tura gyaran, ba da sunansa ba. Shi kuwa na riga na rubuta mishi: "Tsakanina da kai, kare." Tunda kare da ƙare duk ɗaya ne gare shi, ya zaɓi wadda nake nufi.