Ana Sayar da Rawar Ubana

Anti Dolores,

Don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sistocin mishan sun koya mini rabin karatu, ɗaya rabin na bar musu ajiya na tafi buga ƙwallo, har yau ban koma na karɓa ba.

Ni na jawo wa kaina, ba sai an faɗa mini ba. Bara, ranar wasan ƙarshe na ƙwallon tsibirinmu, ƙungiyarmu ta ɗauki kofi. Murna ta kwashe mini hankali, na faɗa fili da tumbina na kama rawar kada. Kin san mu, kowa da rawar da ya gada wurin ubansa, ta gidanmu kuwa kada ce, kuma da ita muke sallamar mamatanmu a bakin kabari. Amma ni sarkin ban dariya sai da na ƙara mata gishiri. Na wangale hannuwa kamar bakin kada, na ɗingisa da gwiwata mai ciwo, na karkaɗa ɗuwawu, sai santsi ya ɗebe ni na zauna daɓas cikin laka. Fili ya kaure da dariya. 'Yata Perpetua ta ɗauka a waya ta sa a intanet. Ni kuwa har wani kumbura nake, kullum ina tambayarta, "Ke, yau mutum nawa suka kalli ubanki?"

Bayan 'yan watanni na tarar da yara a bakin kanti suna yi: hannu, ɗingishi, karkaɗawa, daɓas. Na ɗauka ni suke tsokana, har na ce musu ba su iya faɗuwar ba. Ashe a wani wasan harbe-harbe na waya suka koya, na wani kamfani can ƙetare. Sayen rawar ake yi da kuɗi a cikin wasan. In ka harbe abokin karawarka, sai ɗan mutumin da kake juyawa ya tsaya a kan gawar ya yi rawar. A kan gawa, Anti. Abin da muke raka namu da shi cikin kuka, shi suka mayar abin yi wa matacce gwalo. Ba su tambayi kowa ba, ko sunan tsibirinmu ba su sani ba, amma gwiwata ba su manta da ita ba.

Da damina yayana ya rasu. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san ba a faɗin sunan mamaci a wurinmu. Shi ya ƙarasa koya mini rawar bayan mutuwar babanmu. Yana kwance a asibiti aka nuna masa wasan. Ya daɗe yana kallo, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kai dai ba ka girma. Ranar tawa ka yi mini ta gaske, ka ji ko?" Na ce na ji. 

Yanzu rani ya kusa, an fara sassaƙa ginshiƙan da za a kafa kewaye da kabarinsa a bikin sallama. Cikin 'ya'yan babanmu maza ni kaɗai na rage. Babbar yayarmu, Immaculata, ita ke riƙe da komai, ta kira ni gaban dangi ta ce, "Wawan gida, saurara. In ka shiga fili yaro ɗaya ya ƙyalƙyale a kan kabarin ɗan'uwana, ni da kai har abada. Ko ka wanke rawar nan, ko ka zauna gefe cikin baƙi." Perpetua ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ta hau jirgin ruwa ta koma birnin Darwin, ba ta ɗaga wayata.

Na bi ta Darwin ɗin, amma kunya ta hana ni ƙwanƙwasa ƙofarta, sai na wuce ofishin lauya. Ya ce doka ba ta cika kare 'yan motsin jiki ba, balle tsohuwar rawar da ba a san wanda ya fara ta ba. Ƙofa ɗaya ya gani: in rantse cewa ni na ƙirƙiro ta a ranar ƙwallo, tun daga hannu har faɗuwa, wataƙila kamfanin ya tsorata ya cire. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato in na ce ta kakannina ce, ba ta kowa ba ce, in na ce ta wawa ɗaya ce, sai ta sami mai ita?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ni dai abin da zai tsaya a kotu nake faɗa maka."

Ga inda na maƙale. In na rantse, na ce ubana bai bar mini komai ba ke nan, a rubuce, da sa hannuna mai kama da tafiyar ƙaguwa. In ban rantse ba, rawar tana nan cikin aljihun kowane yaro har ranar biki. Ban taɓa cin bashin da ya hana ni barci ba, masu kanti shaida ne. Amma wannan mai bina yana ƙarƙashin ƙasa, rawa ɗaya yake bina, kuma ban san yadda zan biya shi ba.

Kada Mai Ɗingishi,
Tsibiran Tiwi


Ɗan'uwana,

Allah ya jiƙan yayanka. Ka ba ni dariya a farkon wasiƙarka, a ƙarshe sai da na cire tabarau.

Kada ka rantse. Ni ba lauya ba ce, amma shi kansa lauyanka “wataƙila” ya ce, kuma shari'a da kamfanin ƙetare ba ta ƙarewa kafin rani. Za ka ba da sunan mahaifinka yau, ka zauna jiran abin da ba lalle ya zo ba. Ko da ka ci, ka yi tunanin ranar da Immaculata za ta ji cewa ka gaya wa Turawa rawar taka ce kai kaɗai. Wannan ya fi dariyar yaro muni.

Ka yi kuskure, ka kai abin makoki filin wasa. Amma kai murna ta ɗebe ka, su kuwa da idonsu biyu suka ɗauka suka sa mata farashi. Kada ka ɗauki kayansu ka haɗa da naka. Yayarka ma ba mugunta take yi ba, kabarin ƙaninta take tsaro, kuma ta bar maka hanya da ta ce ka wanke ta.

Maganar kamfani ba taka ba ce kai kaɗai, tunda rawar ba taka ba ce kai kaɗai. Ka kai ta gaban dattawa, a rubuta musu da sunan dangi, a nemi lauyoyin da ke tsaya wa masu fasahar gargajiya. Kada a nemi kuɗi, a nemi su cire, a gaya musu da duniya a kan me suke taka ta. Wani lokaci kunya tana yin abin da kotu ta kasa. Ban yi maka alkawari ba.

Amma ko sun cire gobe, tana cikin ƙafafun yaranku, kuma nan ne aikinka. Yaran nan wataƙila ba su taɓa ganin ta gaske da kyau ba, taka ta laka suka sani. Ka nemi izinin Immaculata, a tara su da iyayensu kafin biki. Ka faɗa musu ta wane ne, da abin da yayanka ya roƙe ka. Sannan ka shafa ƙasar kwalliyar rawa a jikinka ka taka musu. Za su yi dariya, ka bar su. Ka sake takawa, ka sake, har dariyar ta ƙare a can, nesa da kabari.

Kafin nan ka koma Darwin ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka wuce. Ka gaya wa Perpetua ita waya ta riƙe, kai ka yi rawar. Rawar ubanta ce ita ma, ya kamata ta tsaya kusa da kai.

Ranar biki gwiwar za ta ɗingisa ko ba ka so. Ka bar ta. Yayanka bai ce ka yi mai kyau ba, ta gaske ya ce. Allah ya ba ka ƙarfin biyansa, ya haɗa kan gidanku.

Anti Dolores