Akwatin Gawar Inna

Durban, 1902

Yaya Gezina,

Ina gaisuwa. Ya yara? Mu lafiya, abinci yana isa in an lallaɓa.

Sojojin Ingila da suka ƙona gidanmu sun tsare mu da Inna a sansani a bakin teku. Kin san sabulu ba ya kumfa a ruwansa? Ko me ya sa? Da 'yata Lenie tana raye, da ta ishe ni da tambaya. A akwatin sabulu muka binne ta.

Inna kullum sai ta ce, "Hendrina, akwatin gawata na saman rufi, da na cika da busassun 'ya'yan itace, ya ƙone da gidan?" Na ce, "Inna, soja zai ƙone kayan zaƙi?" Ta yi dariya har da tari.

Ki duba mana. In ya tsira, ki sako shi a jirgin ƙasa, kada ki jinkirta, jikin Inna sai a hankali. 'Ya'yan itacen ki raba wa yara.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Hendrina