Igiya Biyar a Ƙasan Aji

Kochkor, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Gulayim, matar ɗana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da jikata Akilai. Ni dai gwiwar nan tana nan yadda kika san ta.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Wata uku ke nan da muka binne Kubat. Da hannuna na rataye komuz ɗinsa, garayar nan tasa, na juya tsirkiyarsa ta fuskanci bango, na ce babu kiɗa babu waƙa sai an yi sadakar shekara. Kika ce to. Jiya na haɗu da Jiydegul maƙwabciyarku a kasuwar dabbobi, ta ce ta leƙa tagar ajinki ta gan ki cikin baƙaƙen kaya kina tsalle da yara kamar 'yar akuya, jikata tana kallo. Yarinyar da ba ta ce uffan ba tun rasuwar ubanta, abin da za ki nuna mata ke nan?

In gaskiya ne, zan zo in ɗauke ta. 'Yar ɗana ce.

Ki gaida mutanen gida.
Kalbubu

At-Bashi, 9 ga Nuwamba

Apa,

Uwata, ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ba gwiwa sauƙi. Jiydegul ta ga daidai, amma ba ta tsaya ta saurara ba. Da ta saurara, da ba ta ji komai ba sai ƙarar takalma.

Shugaban makaranta ya kira ni ya ce, "Gulayim, malamar kiɗan da ba ta kiɗa, ba ta waƙa, in ajiye ta in yi me da ita?" Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya. Na ɗauko igiyoyin gashin doki guda biyar na baban Akilai, na shimfiɗa su a ƙasan aji, suka zama layuka biyar ɗin da ake rubuta waƙa a kai. Igiyar ƙasa muryar ƙasa ce, ta sama muryar sama. In na ɗaga alama mai kama da ƙwai, cikinta fari, yaro ya tsaya a igiyarsa a ƙirga huɗu. Baƙa mai sanda, taku ɗaya. Mai tuta, gudu. In na ɗaga alamar shiru, kowa ya ƙame, wanda ya motsa ya fita. Jiya wata Meerim ta ce, "Malama, ni kullum ƙwai kike ba ni don ina da ƙiba!" Suka yi ta dariya, ni ko murmushi ban yi ba.

Akilai ba ta shiga. Tana zaune kusa da murhu tana bin ƙafafunsu da ido. Wallahi Apa, bakina bai rera komai ba, komuz yana inda kika bar shi. Kada ki raba ni da ita, ita kaɗai ta rage mini.

Surukarki mai biyayya,
Gulayim

Kochkor, 14 ga Nuwamba

Gulayim,

Na ga wasiƙarki, ina amsa gaisuwa. Ƙwai ne, sanda ce, tuta ce, ni dai tsalle na sani, kuma ɗana yana ƙarƙashin ƙasa. Zan zo ranar Asabar ta makon gobe da motar safe. Ki haɗa mata kayan sanyi.

Ki huta lafiya.
Kalbubu

At-Bashi, 19 ga Nuwamba

Apa,

Barka da war haka. Na haɗa kayanta, har da takalman gashin tumaki da kika ɗinka mata bara. Ba zan yi jayayya da ke ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani, ga shi na ba direba ya kawo miki hannu da hannu.

Jiya bayan an tashi, ina goge allo, sai na ji taku a bayana. Akilai ce a kan igiyoyi. Ta tsaya a ta biyu tsawon ƙirga huɗu, ta taka ta uku, ta koma, ta yi ɗan gudu zuwa ta huɗu. Na ɗauka wasa take yi. Da ta sake daga farko sai na karanta ƙafafunta kamar yadda nake karanta takarda. Waƙar nan ce da babanta yake yi ƙasa-ƙasa in yana ɗaura wa doki sirdi. Duk makonnin nan da take zaune gefen murhu, ashe koyo take yi don ta rubuta ta.

Ta kai tsakiya ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama, daidai inda shi ma yake yankewa ya koma farko. Ta dube ni ta ce, "Daga nan sai ina?"

Maganarta ta farko ke nan a wata uku, Apa. Ban taɓa jin ƙarshen waƙar ba. Na zauna a ƙasa na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban rera ba, na riƙe alkawarinki.

Muna jiranki ranar Asabar.

Taki,
Gulayim

Kochkor, 20 ga Nuwamba

'Yata Gulayim,

Ina gaishe ku. Ki kwance mata kaya, ki mayar cikin akwati.

Zan zo Asabar ɗin, kada ki naɗe igiyoyin nan. Ni na hana waƙa, ni zan buɗe baki, ke kuma ki nuna mata inda za ta sa ƙafa. In Jiydegul tana so ta zo ta leƙa.

Waƙar tawa ce, da ita nake lallashin ɗana yana jariri. Kubat bai taɓa sanin ƙarshenta ba, kullum yakan yi barci a cinyata kafin in kai wurin.

Sai na iso.
Apa