Abin da Za a Rubuta wa Soumaya

Albarika, Parakou

Yaya Alhaji Usuman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali baki ɗaya, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Na ba direban taksi wannan takarda ne don in na kira ka a kan maganar nan kashe waya kake yi.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, na shiga lekol, makarantar manya, ina koyon rubuta Ingilishi. Da la'asar in na sauke tukunyar tuwo sai in ɗauki kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, in tafi, da furfurata da komai.

Ga dalili. Soumaya, jikata ta Kumasi, ta nemo ni. Ta girma, tana karatun jinya, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi. Ta ce uwarta ta rasu tana goye, dangin ubanta kuma ba abin da suka sani sai cewa 'yar Djougou ce. Tambayarta ɗaya: wace irin mace ce uwarta? Na faɗa wa waya ta juya mini zuwa Ingilishi, na aika cewa mai haƙuri ce, mai ladabi. Yarinyar ta amsa cewa haka ake faɗa a kan duk wanda ya mutu. Wallahi na ji kunya.

Malamarmu, Madam Bilkissou, ta ce in daina rubuta wai mai kirki ce, in rubuta abin da take yi, da abin da take ci, da yadda take dariya. Na zauna gaban takarda sai na ga ba Ingilishin ne ya gagare ni ba. 'Yata ce ta fari, tun yaye aka ba ka riƙonta, ni kuwa kunya ta hana ni ko kiran sunanta. Kai ka san ta, Yaya. Ka ba ni labarinta.

Ƙanwarka,
Lubabatu

Djougou

Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na karanta. Ranar da yarinyar nan, 'yar taki, ta hau motar goro ta bi direba zuwa Kumasi ba da yawuna ba, na ce ba za a ƙara ambatonta a gidan nan ba. Kina nan na faɗa, ba ki ce uffan ba. Da labarin rasuwarta ya zo na yi mata addu'a, na yi sadaka. Iyakar abin da ke tsakanina da ita ke nan.

Ke kuma ki dubi girmanki. Har a rumfar goro an tare ni, wai ƙanwata tana zaune a benci tana haɗa baƙaƙe kamar 'yar firamare. Kakanninmu sun yi ta zuwa Gwanja suna dawowa, ba wanda ya rubuta kalmar Ingilishi ko ɗaya. Ki aika wa jikar taki addu'a, ki koma kan tukunyarki.

Allah ya shirye mu.
Usuman

Albarika, Parakou

Yaya,

Ina gaisuwa, duk da takardarka ta ɓata mini rai ƙwarai.

Kakanninmu ba su bar jika a Kumasi tana tambaya ba. Masu rumfar goro kuwa ka ce ina gaishe su, in sun ga dama su zo, bencin da sauran wuri.

Na rubuta shafi guda da ɗan abin da na sani: ranar da aka haife ta ana ruwa, da irin gashin da ta zo da shi. Madam ta bi shi da jan bik har ya koma kamar teburin mahauci. Na sake, ta sake ja, na sake. Jiya ta ce in tashi in karanta a gaban aji. Layin farko sunan 'yata ne. Na tsaya a nan, wani mai gyaran babur da ke bayana ya ce, "Hajiya, ko in karanta miki?" Na ce masa ya riƙe bakinsa. Na faɗa da ƙarfi. Saratu. Tun da na haife ta ban taɓa faɗa ba sai jiya, kuma rufin ajin bai faɗo ba.

Na yi shiru lokacin da ka yanke hukunci, don a lokacin taka ce. Yanzu ta Allah ce, ba ta ƙarƙashin hukuncin kowa. Shafi guda ba ya isar mutum, Yaya. In ba za ka ba ni ba, ranar kasuwa ina nan zuwa Djougou da kayena. Zan bi gida gida, in tambayi maƙwabta, da matan da ke wanke maka goro, da malamin allonta. A ƙofar rumfarka zan zauna in rubuta abin da suka faɗa, kana kallo.

Ka huta lafiya.
Lubabatu, uwar Saratu

Djougou

Lubabatu,

Salam. Kada ki zo ki tara mini jama'a.

Ban janye maganata ba. Amma ki goge wannan haƙurin da kika aika, ƙarya kika yi wa yarinya. Uwarta ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tana ƙarama ta saci kekena ta tafi har kasuwar Partago, ta dawo da ƙaya a taya tana yi mini dariya. Ba ta cin kuɓewa. In aka yi tsawa, cikin babbar rigata take shigewa. Bahaguwa ce, na yi faɗa har na gaji, ba ta bari ba.

Ki sa wannan a Ingilishin naki yadda na faɗa, ban da gyara. Kuma ki tambayi Soumaya da wane hannu take cin abinci.

Yayanki,
Usuman