Dutsenka Yana Jiranka a Mngazi

Zuwa ga yayana, Bhuti Mzoxolo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sisi Nobantu da yara. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi, ya kiyaye ku duk ranar da kuka shiga ramin ma'adinan nan na Rustenburg. Mu nan lafiya lau. Masara ta yi kyau bana, jar saniyar mahaifinmu Tata ta haifi maraƙi mai taurin kai irin naka, ita kuwa Gwaggo Nozukile har yanzu tana rantsuwa cewa ba ta jin magana, amma a ambaci nama a bayan ɗaki ka ga ta iso.

Abin da ya sa na zauna rubutu ba mai daɗi ba ne. Ka tuna tulin duwatsun bakin teku da ke gindin tudunmu, waɗanda muke gudu a kansu suna ƙona mana tafin ƙafa? Tata yakan ce baƙaƙen cikinsu kogi ne ya gangaro da su daga tsaunuka, jajayen kuma daga jikin gaɓa suka ɓalle, teku ta yi ta murza su tun kafin kakan kakansa ya san hanyar kamun kifi. Yakan ce su ne katangar gidanmu, mu kuwa mu yi ta dariya. To, guguwar watan jiya ta kwashe su kaf. Da gari ya waye sai yashi tsirara muka gani. Tun daga ranar ruwa ke cin gindin tudun kai tsaye, ƙasa na zubewa kaɗan-kaɗan. Itacen da muke ɗaure awaki ya tafi. Yanzu tsakanin kabarin Tata da bakin gaɓa bai fi faɗin ɗakin girkinmu ba.

Dattawa sun zauna, sun yarda a tone shi a mayar da shi sama, bayan garken shanu, kafin ruwan sama ya kankama. Kowa ya amince sai Mama. Ta ce ba mai taɓa mata miji sai ɗansa na fari ya zo ya ɗora dutsensa a kan kabarin, kamar yadda duk wanda bai samu jana'iza ba yake yi. Kawu Zwelinzima ya lallaɓa ta, ya ce ai ka ɗora a sabon wurin ma ya wadatar. Ta kalle shi ta ce shi da ko akuyarsa bai iya ɗaurewa ba ne zai koya mata al'ada? Ta ce tsohon a nan ya kwanta, a nan yake jiranka, ba za a canza masa ɗaki yana tsaka da jiran baƙo ba.

Na san abin da ke riƙe ka, Bhuti. Kana asibiti aka binne shi, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa ganin laifinka. Kai ne kawai ka ɗora wa kanka kunya, shekara ta zagayo kana aiko da gaisuwa da barguna. Wallahi wani lokacin haushinka nake ji, wani lokacin kuma tausayi.

Ba sai ka wahala neman dutse ba, tunda bakin tekun ma babu ko ɗaya. Ka san duk ranar da aka haifi ɗayanmu Tata kan sauka ya zaɓo guda ya saƙale a saman bango. Nawa ja ne mai ɗan gantsaro, ya ce ya dace da bakina. Naka baƙi ne sumul, da farin zare a tsakiyarsa. Mama ta sauko da shi ta wanke, yana cikin aljihun zanenta ko'ina za ta. Na ce ta ba ni in aiko maka ko zai tuna maka hanya, ta ce dutse ba ya zuwa wurin mutum.

Ga abin da ya fi tsorata ni. Kullum da safe Mama kan ɗauki kujerarta ta je ta zauna a gefen kabarin, kuma ba ta zama ta ɓangaren gida, sai ta ɓangaren teku, a ɗan siririn wurin da ya rage. Jiya na nuna mata wata tsaga a ƙasa a bayan ƙafar kujerar. Ta duba, ta gyara zama, ta ce ta gani tun shekaranjiya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na koma ɗaki na yi.

Gwaggo Nozukile da Kawu Zwelinzima suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Sisi Nobantu, da Liyema, da ƙaramar Asemahle da ban taɓa ɗauka ba. Kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka amsa wannan takarda. Idan ka sauka daga mota ba ka same mu a gida ba, ka zagayo wajen bakin gaɓa, ka san inda take zaune.

Taka ƙanwa mai jiran ganinka,
Nolufefe