Ranar Ruwanmu Ce Ranar Wasan Nura

Assalamu alaikum, Yaya Sadi. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ƙaninka Habu ne.

Ɗanka Nura ya gaji lamba gomarka a ƙwallo. Kocin kwalejinsu ya damƙa masa 'yan gaba gaba ɗaya, yaron da ko gemu bai tsiro ba. Yanzu kowa a teburin mai shayi ya zama masani. Wanda bai taɓa taka leda ba sai ta burodi, shi ke rantsuwa Nura zai kawo kofi, wani ya ce ai bai kai ubansa ba. Na wanke su tas, Yaya. Ka san bakina.

Sai na kishingiɗa a gindin mangwaron bakin kanal ɗin ban-ruwa nake hucewa. In lumshe ido in gan ka da la'asar, laka har gwiwa, kana fasa bakin fangali da fartanya, kana ce mana ƙwallo ruwa ce, ba a tura ta tudu, hanya ake buɗe mata ta tafi da kanta. Nura yana kan kunya yana wasa da taɓo. Ban zaci ya ji ba. Ashe ya ji. In ya ɗaga kai ya zura ƙwallo tsakanin 'yan baya, sai ka ga 'yan gabansa sun kwararo kamar an ɗage ƙofar kanal.

Asabar za su kara da 'yan Madobi, an ce masu neman 'yan wasa za su zo daga birni. Asabar ɗin kuma ruwa ke zagayowa layinmu. In ya wuce mu, tumatirin gonarka zai zubar da fure. Nura ya ce ya haƙura da wasan, ban-ruwan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na ce in na ga ƙafarsa a gonar nan sai na karya ta.

Don haka ni zan tsaya ban-ruwan, ba zan ga wasan ba. Amma filin ba nisa, iska tana kawo ihu. Zan riƙe fartanyarka, duk fangalin da na fasa in ce Nura ne ya ba da ƙwallo. In sowa ta taso ta saman tumatirin, zan tsaya in faɗa maka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya tsare wa Nura gwiwa, ya kare shi daga bakin mutane. Shi ya buga, ni in shayar.

Ƙaninka mai bakin nan,
Habu